Abin da kuka ɓoye mini game da Baffa Isa

Ɗana Habibu,

Ka zauna ka karanta takardar nan har ƙarshe, don ba zan maimaita ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da matarka Hauwa da yara. Yaya aiki a Fatakwal?

Babanka ya faɗi a gonarsa ta Garatu yana dafe da ƙirji. Alhamdulillahi, ya samu sauƙi, yana gida. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a zuciyarsa. Wai wasu mutane jikinsu na fitar da ƙananan jijiyoyi su zagaye inda ya toshe, wasu kuwa nasu kaɗan ne, kuma abin yana bin jini. Ya tambaye ni ko wani a dangi ya taɓa yin irin wannan ciwo. Na ce babu. Sai babanka ya sunkuyar da kai, ya ce yayansa, marigayi Baffa Isa.

Habibu, kai ka kai Baffa asibiti a Bida. Ka dawo ka dubi idona ka ce, "Mama, zazzaɓi ne." Wai kada hankalina ya tashi! Ni kuwa ina nan ina zuba wa ubanka kitse a miya. Ajali na Allah ne, amma ƙarya taku ce, kai da ubanka. Kuma jinin nan yana jikinka da na 'ya'yanka.

Ka sa babanka a addu'a, ka gaida Hauwa. Daga yau duk wanda zai ga likita a gidan nan, da ni za a shiga. Kai kuma a duba zuciyarka kafin ka tako ƙofata.

Mahaifiyarka.