Kada Ka Kashe Kwamfutar, Yaya

Yaya,

Na fita wani aikin ɗaukar bidiyo, yau ma ba mu haɗu ba. Kada ka kashe sabuwar kwamfutar, tana fitar da bidiyo. Ƙarar fankarta ce kake ji, lafiyarta ƙalau.

Jiya na je shagon da ka ce za mu je tare. Na jira ka har mai shagon ya fara yi mini kallon tausayi, sai na ce ya gwada mini kawai. Ya ɗora bidiyo ɗaya a kan kwamfuta biyu. Babbar, irin ta kamfanoni, furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, kamar ma'aikata ne cike da ɗaki, kafin in gyara zama ta fitar da aikin. Ƙaramar kuwa, irin ta gida, wajen yanka da haɗawa har ta ɗan fi ta zafin nama. Wajen fitarwa ne take jan ƙafa. Mai shagon ya ce, "Mai aiki shi kaɗai irinka, ai babbar ce abokiyarsa."

Ni dai ƙaramar na ɗauko. Ka yi haƙuri, na san babbar kake so. Amma ka tuna, sai tsohuwar kwamfutarmu tana jan ƙafa muke samun zama mu yi hira. Kujerarka tana nan inda ka bar ta.

In ka riga ni dawowa ba ta gama ba, don Allah ka zauna ka jira ta. Ba zan daɗe ba.

Ƙaninka