Jinin da Na Hana a Ƙara Mata

Laraba, 14 ga Maris, 2007. Azare.

Na gaji tiɓis, amma yau na yarda na iya aikina.

Bayan azahar aka kawo wata mai jego daga Gololo, jini ya ƙi tsayawa. Ƙanin mijinta ya ce zai ba da nasa, na ɗebi kaɗan na shiga ɗakin gwaji. Mijin, Malam Buba, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta faɗa: "Malama, ɗan'uwana ne fa, wane irin gwaji kuma? So kike ta mutu?"

Na ce, "Ka yi haƙuri, Malam, yanzun nan zan fito."

Gwajin ya nuna ƙwayar ƙanjamau. Na sake, bai canza ba. Ba yau na fara ganin haka ba. Na fito na ce jinin ba zai yi mata ba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma tona asirin kowa ba.

Rukunin jinina ɗaya ne da nata, sai na hau gado, abokiyar aikina Sista Ladi ta ɗebi leda guda. Nawa ma sai da aka gwada.

Da magariba matar ta buɗe ido ta nemi jaririyarta. Malam Buba ya kasa haɗa ido da ni, sai addu'a yake ta zuba mini.

Na ja ƙanin nasa gefe na ce ya dawo gobe shi kaɗai ya ga likita. Ya yi murmushi ya ce to. Murmushin nan yana damuna, gobe akwai nauyi. Amma Alhamdulillahi, na baro jaririyar tana shan nono, kuma jinina ne ke gudu a jikin uwarta.