Goma Na Farko

Talata Mafara,
Litinin.

Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maimunatu da yara. Yaya ƙafar Inna? Ruwan Bakolori ya iso gonar albasa kuwa? Tunda an katse layin waya, sai takarda.

Ka tambayi aikin da nake yi wa ƙungiyar masu shanu. Duk wanda aka yi wa dabbobinsa rigakafi, sunansa da garinsa da yawan garkensa suna cikin kwamfuta. Ni nake rubuta wa kwamfutar tambayar da ke zaƙulo su, in tace, in jera, in ce a tsaya a kaza.

Makon jiya wani sabon ma'aikaci, Ɗanlami, ya ce in tace masa waɗanda shanunsu ke kwana bayan gari, in jera daga mai yawa zuwa mai kaɗan, in tsaya a goma na farko. Wai rabon allura za a yi. Ya ce kada in rubuta sunan gari a ciki, in bar gurbi mai tambaya ya cike da kansa. Haka ake yi dama, don kada wani ya cusa umarnin ɓarna, har na yaba saninsa. Sai daga baya raina ya ƙi kwanciya. Yaushe allura ta fara zaɓen mai babban garke?

A gaida Inna.

Ƙanwarka,
Safiya.

Talata Mafara,
Alhamis.

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Ka ji harin da ɓarayin shanu suka kai rugagen Maradun. Kwamfuta tana ajiye duk abin da aka sa a gurbin nan, don haka na duba. An sa Maradun kafin harin. Na sa da hannuna, sunayen suka fito, kuma su ne aka bi, ɗaya bayan ɗaya.

Na goge tambayar, na sanar da shugabanmu, ya kai rahoto. Ɗanlami bai zo aiki yau ba, ɗakinsa a kulle. Amma kafin in goge na ga jiya da hantsi an sa garinku Bakura, an buga jerin a takarda.

Yaya, kai ne na uku. Tukur mahauci da Balarabe suna samanka, ka gaya musu, sauran sunayen suna bayan takardar nan. Ka kora shanun cikin gari, ka ɗauko Inna da iyali ku taho. Na share ɗaki. Direban da ya kawo maka wannan zai jira ku a tasha har la'asar, ya ce bayan haka ba ya bin hanya.

Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Safiya.