Gadon 'Yar Fari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke na sauka lafiya, yau kwana arba'in da biyar. Mace ce. Maigidana Malam ya sa mata sunanki, mutanen gida suna ce mata Ummi.

Kin ga na yi gaisuwar yadda malamar ajin manya ta koya mana. To, iyakar ladabin da zan iya ke nan yau, Inna, don raina a ɓace yake, kuma da ke nake fushi. Na san ba a fushi da mamaci. Damina biyu ke nan ina yi miki addu'a bayan kowace salla ban fasa ba, amma yau sai na amayar da abin da ke cina. Wanda ya tsinci takardar nan ya karanta, gara ma kowa ya ji.

Da yake ba kya nan, Gwaggo Asabe, yayar Baba, ita ta taso daga Rijiyar Lemo ta zo nan Fagge ta zauna mini jego. Ba ta rage komai ba. Wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa har sai na ji kamar zan fashe, ga gadon ƙasa da ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi ina gasuwa a kai kamar gurasa.

Wannan gadon ne ya tsorata Malam. Kin san shi, akawu ne a rumbun gyaɗa kusa da tashar jirgi, idonsa ya ga abubuwa. An taɓa aikensa gidan Baturen wurin aikinsu, ya ga ɗan gadon da suke kwantar da jariri shi kaɗai, sai ya ce 'yarsa ba za ta kwana kusa da wuta ba. Ya je Sabon Gari wurin wani kafinta, ya kwatanta masa da baki. Washegarin suna aka turo gadon a amalanke.

Inna, ki zo ki ga kallo! Shuɗin fenti yana ƙyalli, sanduna a kewaye, ƙafafun a lanƙwashe kamar baka don a riƙa jijjiga shi, ga katifar audugar rimi mai laushi, har da ɗan matashi. Matan unguwa suka cika ɗakin, wata har da guɗa. Wai Ummi 'yar gata ce, tun ba ta san kanta ba ta zama Baturiya.

Ni kuwa ina kwance ina kallon abin da ba wanda ya kalla. Tsakanin sanda da sanda, dunƙulen hannuna zai wuce har ya bar wuri. Katifar ba ta cika gadon ba, akwai rami tsakaninta da katako ta kowane gefe. Daɓen ɗakinmu kuma ya lotsa ta wajen bango, ko ƙwarya aka ajiye sai ta karkata, balle abu mai ƙafar baka. Ni na raini ƙannena huɗu, na san yadda jariri yake zamewa. Duk na gani tun ranar farko.

Na kuma ja bakina na yi shiru. Kin san dalili, don ke kika koya mini. Ranar da za a kawo ni gidan nan, kina ɗaura mini ɗankwali kika ce, "In Allah Ya ba ki na fari, ki kawar da kai, ki bar wa manya. Kada ki ba ni kunya." Shi ke nan wasiyyar da kika yi mini a kan haihuwa. Ba a kallon ɗan fari a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. In na ce gadon nan zai cuci yarinya, za a ce ga Zulai can ta zubar da mutunci, tun ba a je ko'ina ba tana rawar jiki a kan 'yar fari.

Sai na koma yin abu kamar ɓarauniya a ɗakina. In Gwaggo ta fita alwala, in lallaɓa in cusa tsumma a ramin katifar. In ta dawo ta zare, ta ce wane marar hankali ne yake ɓata gadon mutane da tsummokara. In sake cusawa, ta sake zarewa. Haka muka yi ta yi, ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta uffan.

Ranar da muka cika kwana talatin da ɗaya, bayan la'asar, Gwaggo ta kwantar da Ummi a gadon, ta rataya gwadonta mai nauyi a gefe ɗaya wai don ƙuda, ta tasa ni gaba zuwa wurin wanka. Ina zaune a kan turmi tana tsoma ganyen runhu a ruwan zafi tana fyaɗa mini, amma kunnena yana ɗaki. Yarinyar nan ko barci take tana ɗan gurnani. Sai na ji tsit. Can na ji wani ɗan sauti a toshe, sau ɗaya, bai sake ba.

Ga abin da ba zan yafe wa kaina ba, Inna. Ban tashi nan take ba. Sau uku Gwaggo ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya, ina zaune ina tunanin abin da za a ce in na ruga. Sau uku! Na ƙirga su, har yau ina jin su a bayana.

A na huɗu na ture ta na fita da ɗaurin ƙirji, ruwa yana zuba a jikina, na ratsa tsakar gida a gaban kowa. Nauyin gwadon ya karkatar da gadon ya tsaya a haka. Yarinyar ta gangara gefe, ƙafa ɗaya ta fito ta tsakanin sanduna, fuskarta ta nutse cikin ramin nan da nake cusa wa tsumma. Da na ɗago ta, leɓenta ya yi baƙi.

Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. "Hauwa'u! Hauwa'u!" Har zaure aka ji ni. Na hura mata iska a fuska, na jijjiga ta, na ɗora ta a kafaɗa ina bubbuga bayanta, ina kiran sunan ba ƙaƙƙautawa. Sai ta ja numfashi ta tsala kuka. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba. Na durƙushe a ƙasa na rungume ta ina sumbatar kanta, mata sun cika bakin ƙofa.

Kin san abin da suka tattauna? Ba wadda ta dubi gadon. Ni suka duba. Wai na kira sunan 'yar fari gatsal, sunan da kuma na uwata ne, na fito tsakar gida kusan tsirara. Wata tana rufe baki da mayafi tana dariya. Yarinya ta dawo daga bakin kabari, su abin da ya dame su ke nan.

Gwaggo ce ta ƙarasa ni. Ta ce ban gado ki ba. Ta kama kafaɗata ta hagu, ta nuna musu tabon nan da na tashi da shi, ta ce su tambaye ta labarinsa. Wai ni 'yarki ta fari, ina kwana goma a duniya na zame daga gefen tabarma, kafaɗata ta taɓa bakin gadon ƙasa inda ake zuba garwashi. Kina zaune, surukarki da baƙi suna ɗakin. Kin gani. Ko gezau ba ki yi ba, sai gyaran murya kika yi, har kakata ta waiwaya ta ɗauke ni. "Wannan ita ce mace mai kunya," in ji Gwaggo. Yabonki take yi, Inna. Matan suna gyaɗa kai.

Haba Inna! Haba! Kin ce mini tabon miyar kuka ne da ta zubo mini ina rarrafe. Shekara ashirin ina ɗauke da shi ban san kuɗin kunyarki ne aka biya da fatata ba. Kina jin ƙaurin naman 'yarki kika tsaya gyaran murya? Su wa kike tsoro? Waɗanda ke ɗakin nan yawancinsu sun mutu ko sun manta, ni ce har yau in zan sa riga sai na taɓa wurin. Kuma kika ɗauki wannan abin kika damƙa mini a matsayin wasiyya, na kusa binne 'yata saboda shi. Ina fushi da ke, ina fushi da Gwaggo, ina fushi da duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan shirun. Amma wadda na fi jin haushi ita ce wadda ta zauna a kan turmi tana ƙirga ganye.

Da Malam ya dawo na faɗa masa komai, ido cikin ido. Ya dubi gadon, sannan ya tambaye ni me ya hana ni magana tun farko. Na ce ya tambayi Gwaggo. Na kuma ce gobe zai kai ni wurin kafintan nan da ƙafata, ko kuwa in tafi ni kaɗai. Maijego ba ta yi arba'in ba, matar kulle, wai za ta Sabon Gari! Gwaggo ta ce in na taka ƙofar gida za ta tattara kayanta. Na taka, ta tattara.

Rabona da Sabon Gari tun ina budurwa. Na lulluɓe da mayafi, Ummi a bayana, Malam yana gaba yana tura kekensa, shuɗin gadon a ɗaure a kai. Kafintan ya fara da cika baki, wai har Turawa yake yi wa aiki. Na zura hannuna ta tsakanin sandunan har gwiwar hannu, na danna katifar da tafina ta lotsa, na rataya mayafina a gefe gadon ya karkata. Sannan na juya masa bayana ya ga fuskar yarinyar. Matarsa tana zaune a bakin rumfar da nata goyon, ta faɗa masa wata magana da yarensu, sai ya ɗauko fensir.

Ya nuna mini wasu gadaje biyu da ya riga ya ƙera. Ɗaya yana da ƙusa da ta leƙo ta ciki, na ja yatsana a kai na nuna masa jini. Ɗayan kuma nauyinsa sai ƙato biyu, ni kuwa abin da zan ɗauka da hannuna nake so, in zan yi girki in kai shi inuwar tsakar gida inda idona zai kai. Na ce a yi mini sabo.

Da yatsuna na auna masa, Inna. Tsakanin sanda da sanda yatsu biyu, kada ya ƙara ko ƙwayar gero. Ƙafafu huɗu miƙaƙƙu, a ɗan buɗe ta ƙasa, ba jijjiga, in tana son jijjiga ga bayana. Tsayinsa daidai da gadon ƙarfena, wanda na auno da zare tun daga gida, don in ina kwance in miƙa hannu in ji numfashinta. Ba fenti, ya goge katakon ya yi sumul. Mariƙi ta kai da ta ƙafa. Katifa kuwa na ce ya bar mini, ni na ninka gwado na ɗinke shi tam, ya cika gadon ko yatsa ba ya shiga gefe. Matashin nan na jefa shi a murhu.

Ranar arba'in Gwaggo ta dawo cin tuwo. Ta dubi gadon ta ce wannan ai akurkin kaji ne. Na ce na ji, Gwaggo. Na ɗauki 'yata a gabanta na yi mata wasa, ta kawar da kai.

Jiya ina yi wa Ummi wanka sai wani abu ya faɗo mini a rai, shi ya sa na nemi takarda. Duk ranar da za ki yi mini kitso, sai kin jira gida ya watse. Ki zaunar da ni tsakanin ƙafafunki, in kin zo gefen hagu sai hannunki ya sauka a kafaɗata, babban yatsanki a kan tabon, ki daɗe ba ki motsa ba. In na ce Inna kitson fa, sai ki ce, "Yi shiru, ke wannan, hannuna ne ya gaji." Ashe ba gajiya ba ce. Ashe ke ma kin ƙirga naki, kuma ba ki da wanda za ki faɗa wa. Shekararki nawa ma a lokacin? Ba ki kai ni yanzu ba.

Fushin bai tafi duka ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na yafe miki, Inna, duniya da lahira, ke ma ki yafe mini wasiyyarki da na karya, don ba zan gyara ta ba. Takwararki tana nan gefena a akurkinta, tana ɗan gurnaninta, hannuna yana kanta. Kullum sai na kira sunanta da ƙarfi, kowa yana ji.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki duk abin da ya ƙone ki kika yi shiru. Allah Ya raya Hauwa'u, Ya ba ta bakin magana a kan nata 'ya'yan. In kuma Ya haɗa mu a Aljanna, abu ɗaya nake roƙo a wurinki: ko da mutane a wurin, ki kira ni da sunana, ko sau ɗaya ne. Ban taɓa jin sa a bakinki ba.

Ni ce 'yarki ta fari,
Zulaihatu