Buhu Ɗaya

Yaya Uzairu,

Gaisuwa daga Alƙahira. Yaya ƙafar Inna? Ruwa ya iso gonarmu ta Hasahisa kuwa?

Ni lafiya lau, sai dai an dakatar da ni wasa biyu a ƙwallon raga. Ƙungiyar mazan jami'armu sunanta Shaho, mu kuwa aka ɗinko mana riguna ruwan hoda, aka rubuta Tantabaru. Na ƙi sawa. Mai horar da mu ya ce na cika taurin kai. Na ce masa, a gida audugar da na ɗiba da ta yayana buhu ɗaya ake zubawa, ba wanda ya taɓa rubuta “ta mata”.

Zaman kallo da ciwo, amma kada ka gaya wa Inna. Allah ya ƙara mata sauƙi.

In ba za su rubuta Shaho ba, su nemo wata tantabarar.

Ƙanwarka,
Ma'u