Ranar da Auta Ta Rufe Ruwa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan kowa lafiya. Mama tana nan da ciwon gwiwarta, kullum tana cewa ta warke, kullum kuma sai an kama ta za ta miƙe. Baba jiki da sauƙi sosai, kumburin ƙafar ya saɓe, jiya ma da kansa ya fito ƙofar gida ya zauna yana yi wa masu wucewa tsiya. Maigidana yana gaishe ka, yara kuma sun ce in tuna maka ba su manta alkawarin keke ba.

Yaya, ka san ni ba mai son rubutu ba ce, bakina ya fi hannuna sauri. To bakin nan ne ya jawo mana, shi ya sa yau na zauna da biro. Mako uku ke nan ba ka ɗaga wayar Auta, kuma na san dalili, domin ni ce na kira ka ranar nan ina kuka ina cewa ta hana a yi wa Baba wankin ƙoda alhali yana haki. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Abin da na faɗa maka gaskiya ne, amma rabinta ne, ragowar rabin kuwa ni kaina ban san shi ba sai daga baya.

Shekara huɗu Auta tana aiki a asibitin nan, mu dai abin da muka sani shi ne tana ɗakin ruwa, har muna tsokanarta da mai gadin famfo. Ban taɓa leƙa ɗakin ba sai bayan abin nan ya faru. Wani ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan inda marasa lafiya suke kwanciya, bango ɗaya ne tsakani, cike da tankuna dogaye da bututu da ƙugin injin da ba ka jin maganar na kusa da kai. Ruwan famfo yana shiga tankin farko a cire masa yashi da laka, na biyu mai gishiri ya sauke masa nauyi, sai tankuna biyu na gawayi su shanye kulorin, wato maganin nan da ake zuba wa ruwan gari don kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan a matsa shi da ƙarfi ta wata matata mai ƙananan ƙofofin da ko gishirin da ya narke da ƙyar yake wucewa. Auta ta ce wanki ɗaya na Baba yana cin ruwan da ya fi jarka biyar, kuma duk ruwan nan yana wucewa ne gab da jininsa, wata 'yar fata siririya kawai ta raba su. Kowace safiya kafin a jona kowa, sai ta tari ruwa a 'yar kwalba ta ɗiga masa magani. In ya tsaya fari, a fara aiki. In ya juya ruwan hoda, kulorin ya tsallake gawayi.

Ranar nan mun isa da Baba da sassafe, ya riga ya yi kwana uku ba wanki saboda hutun ƙarshen mako, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Mutum takwas aka kwantar, nas-nas sun shirya allurai, sai ga Auta ta fito da kwalba a hannu ta ce wa likita kada a jona kowa. Ashe an gyara babban bututun unguwar, an ƙara wa ruwan magani fiye da kullum, gawayinsu kuma ya gaji. Na ga kwalbar da idona, Yaya, wallahi sai ka ɗaga ta ga haske ka kanne ido kafin ka ce akwai wani launi. Mai kula da sashen ya ce ta sake gwadawa, ta sake har sau uku, duk abu ɗaya. Ya ce ɗan wannan ba zai yi komai ba, mutane sun taho daga nesa. Ba ta yi musu da shi ba, ta dai koma ciki ta murɗe ruwan, ta ja ƙofar ta kulle, ta jefa makullin a aljihun rigarta. Likita ya goyi bayanta, aka aika a kawo sababbin tankunan gawayi daga wajen masu sayarwa.

Ni kuwa sai shaiɗan ya hau kaina. Na tare ta a baranda gaban jama'a, na ce mata ruwan da yake fari tas kamar hawaye ne za ta ce bai yi ba, na ce ko karatun ne ya cire mata imani. Har na tsallaka titi na sa aka loda mini katan goma na ruwan gora a baro, na kawo na ce ga mai tsabta nan a juye a injin, tunda na famfo ne ba ta so. Yanzu in na tuna kunya kamar in nutse. Ta dube ni, ta kira ni Yaya kamar kullum, ta ce ruwan sha daban, ruwan jini daban. Wai abin da muka sha ciki yana tsayawa ya zaɓa, ya ɗauki wani ya zubar da wani, amma jini ba shi da mai tsaron ƙofa, abin da ka kai masa shi zai karɓa. Ta ce ko ruwan da ake dafawa a tari tururinsa, irin ɗigon da ke taruwa a murfin tukunya, wanda suke ba ɗakin gwaji kuma masu batir suke nema, ba za ta zuba wa Baba ba sai ta gwada shi. Ban saurare ta ba. A nan ne na fita na kira ka.

Awa bakwai muka yi. An sa wa Baba iskar numfashi, likita yana zuwa yana duba shi yana ba shi magani don ya riƙe shi. 'Yan uwan sauran majinyata ba irin maganar da ba su gaya mata ba, wani ma ya ce in da ubanta ne a kwance da ba ta yi haka ba, nas ta nuna masa gadon Baba ta ce ga ubanta nan. Da tankunan suka iso ita da mai kawowa suka ɗaura, suka wanke su, ta gwada, ta jira, ta sake gwadawa, sannan ta buɗe. Wajen la'asar aka jona su takwas ɗin gaba ɗaya, kafin awa guda numfashin Baba ya fara daidaita. Daga baya likita ya zaunar da ni ya ce kulorin in ya shiga jini farfasa ƙwayoyinsa yake yi, kuma mai ciwon ƙoda da ma jininsa kaɗan ne, da an jona su da safe ba ya iya rantsuwa su nawa za su koma gida. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da na je neman ta don in ba ta haƙuri, na same ta zaune a ƙasa a ɗakin ruwan ta jingina da bango. Ta ce mini duk tarin da Baba ya yi a ranar ta ji shi ta bangon nan, ko ƙugin injin bai hana ba, domin ta san tarinsa cikin na mutum dubu. Ta ce sau biyu ta sa hannu a kan famfon za ta buɗe, ta fasa. Na rungume ta muka yi kuka. Ƙanwata ce, ni na goye ta, amma ranar na ji ta girme ni, kuma ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na tambayi Baba ko ya ji haushinta. Ya yi dariya ya ce shekara biyu ke nan ana jona shi yana barcinsa har da minshari, ba don yana da ƙarfin zuciya ba, sai don ya san wadda take bayan bango. Ya ce ranar da ta buɗe masa ruwan da ba ta yarda da shi ba don kawai shi ubanta ne, daga ranar ba zai ƙara runtsawa a gadon nan ba. Bai san kana fushi da ita ba, ita ce ta hana a gaya masa, kullum ya tambaya sai ta ce kana gaishe shi.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce mata ina nan ina jiran hoton da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan 'yan biyu da Sarkin Ɓarna, Allah ya raya mana su. Mama da Gwaggo da Kawu mai shago duk suna gaisuwa. Auta ba ta san na rubuto ba, kuma ba ta taɓa cewa komai a kanka ba, sai dai na lura in waya ta yi ƙara a gidan nan ita ce ta farkon dubawa. In akwai wanda ya cancanci fushinka ni ce, ka sauke mini shi, zan ɗauka. Ƙarfe biyar take tashi daga aiki, Yaya. Ka kira ta.

Ƙanwarka har kullum,
Maman 'yan mata