Motar Isaka a Hannun Mato

Asabar, 15 Satumba 1984
Na je Babankatami na ga motar. Fijo 403 ta mijina marigayi Isaka, wadda ya sayar wa kawuna lokacin farin shekarar 73. Yanzu tana hannun Mato, ɗan kawun, kuma an ce zai sayar. Kaji na ƙwai a kujerar baya.
Na taya. Ya ce "Albarka," bai ko ɗaga kai daga goronsa ba. Sai ya ƙara: "Yaushe baiwa ta hwara ciniki da ubangijinta?" Mazan da ke gindin itacen bedi suka bushe da dariya. Uwata ƙanwar ubansa ce, don haka a wasan taubasai ni ce baiwa, kuma wai ba ni da izinin yin fushi. To, na yi. Ni da ke riƙe da lakwal, makarantar boko guda, a Madawa!

Laraba, 19 Satumba
Na ƙara kuɗi, na aika ta bakin Jima direban kamiyo, babbar motar kaya. Amsa: "Albarka. A ce ma Madam ta taho da ƙahwarta."

Lahadi, 23 Satumba
Jima ya ce wani ɗan Ƙonni ma yana so. Zai cire tayoyi da ƙarfen ƙasa a yi amalanke, sauran a kai wa maƙera. Cikin motar nan Isaka ya koya mini tuƙi a hanyar Keita, yana riƙe da hularsa yana salati. Ita za a mayar murhu da bokiti?

Talata, 25 Satumba
Mato jaki ne. Jakuna su gafarce ni.

Asabar, 29 Satumba
Na koma da kaina. Ya bar ni tsaye cikin rana har ya gama alwala, ga shi lokacin salla bai yi ba.
Ya ce, "Kin karance littattahan Nasara kaf, ba ki san watan shara ya kama ba? Ran cika-ciki ki zo da tsintsiya ki share min gida kamar kowace ɗiyar mace, ki ce, ubangijina a ba ni shara. In ba ki zo ba, na Ƙonni na tahe."
Na ce, "Mato, ba a saƙa tsintsiyar da za ta iya da ƙazantarka ba tukuna."
Ya yi dariya har hula ta faɗi. "Kun ji! Ta yi wasa!"
Ba wasa nake ba.

Juma'a, 5 Oktoba
Ba zan je ba.

Asabar, 6 Oktoba
Na je. Na ɗaura zane a kan rigar aiki na yi shara, matan unguwa na guɗa, shi yana kan tabarma yana nuna mini inda na tsallake. Da na kai gindin rumbu, haushi ya sa na buga shi da gindin tsintsiya. Ya amsa kamar ganga. Na buga na biyu, haka. Cima matarsa ta kau da kai. Na san hatsi ya ƙone bana, amma ban san har haka ba.
Na faɗi maganar, can ƙasan maƙoshi. Ya miƙo makullin motar. Da na sa hannu a jaka, fuskarsa ta canza. Ya ce a hankali, "Ba a sayen shara, Zaliha. Kar ki kunyata ni gaban mutane."
Wawa. Ga na Ƙonni da zai biya shi nan take, ya tsaya wasa da ni.

Talata, 9 Oktoba
Jima ya jawo motar har ƙofar gida. Kamiyon ya koma da buhunan gero. Na ce a gaya masa sadakar Isaka ce, in ya isa ya mayar wa mamaci.
Ban yafe masa ba. Wai ya tambaya ko baiwarsa za ta zo baɗi. Hanyar Babankatami dai tana cin taya, na ce makanike ya nemo masu ƙwari.